"To" Ɗin da Ya Narkar da Ƙanƙarar Dakta

Sabon Gari, Wudil.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan kin sauka lafiya, kin sami gado, kin sami inda za ki jingine akwatinki, kuma hanya ba ta jijjiga ki da yawa ba. Mamanki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah Ya tsare min ke a inda idona bai kai ba, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye na gari, Ya raba ki da ciwo da firgici, amin.

Ni na sa mamanki ta cusa wannan takarda ƙarƙashin zannuwanki don sai kin isa makaranta ki gan ta. Kin san ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki, ba na iya zaunar da ke in yi ta magana ina kallon idonki. Rubutuna ba mai kyau ba ne, a aji biyar na tsaya, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinta. Ki yi haƙuri ki bi shi a hankali.

Raina a ɓace yake, Ummi. Kin san ni ba mai faɗa ba ne, ko akuya ta ci min shuka korar ta nake yi in koma aikina. Amma abin da na ji jiya a tsakar gida ya tsaya min a wuya, in ban fitar da shi ba, zai bi ki har makarantar ya ɓata miki tafiya.

Jiya da 'yan uwa suka taru yi miki sallama, ina zaure ina jin komai. Goggonki Laraba ta dafa kanki ta ce, "Ku dube ta, yarinya mai kunya, ba ta ɗaga kai, ba ta ja-in-ja. To, haka za ki je ki zauna. Duk abin da malami ya ce, ki ce to. Kada in ji an ce 'yar Sabi'u ce mai yawan tambaya kamar ɗan sanda." Mata suka yi dariya, wata ta ce, "Ai Ummi ba ta da baki." Ke kuma kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Goggo."

Wallahi da marina aka yi da ya fi min sauƙi. Yaya Laraba ta goye ni, ba zan tashi a gaban mutane in ƙaryata ta ba, kuma na san da alheri take nufi. Amma wannan shawara tata ita ce ta ci min rabin rayuwa. Makarantar kimiyya za ki, wadda kika sha wahala kafin ki samu, kuma shugabar ta faɗa mana ƙarara ranar ganawa cewa wadda ta kasa lissafi a shekarar farko gida za ta dawo. A ce guzurin da za a ba ki shi ne ki rufe baki! Bari in gaya miki abin da "to" ya yi wa ubanki, ki auna da kanki.

Ina firamare a Utai, muna da wani malamin lissafi mai dogon carbi da doguwar bulala. Wata rana ya rubuta a allo, rabi a haɗa da sulusi. Na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na sami biyu cikin biyar. Ya tsula min bulala, ya rubuta biyar cikin shida, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Duk aji muka ɗaga murya, "Mun gane, Malam!" Ƙarya muke yi, mu duka. Ni dai ina kallon shidan nan ina cewa a raina, daga ina ta fito? Ba shida a tambayar, biyu ne da uku. Tambayar tana bakina, amma wanda ya yi tambaya jiya har yau bayansa da shatin bulala. Na haɗiye. Daga ranar lissafi ya wuce ya bar ni a tsaye, don duk abin da aka ɗora daga baya a kan shidan nan aka ɗora shi. Da na ga kullum duka nake sha a kan abin da ban san kansa ba, na ce wa Baba gara in bi shi fadama. Bai hana ni ba, yana bukatar hannu.

Har yau in na tuna malamin nan raina yana tafasa. Mutum ya tsaya gaban yara sama da hamsin, ya tambaye su sun gane da bulala a hannu, wace amsa yake jira? Amma ba shi kaɗai ba ne. Iyayenmu ma da mun koma gida mun ce mun tambayi Malam, cewa za su yi mun yi rashin kunya. Ki ji ni da kyau: in malama ta ce kun gane, ke kuma ba ki gane ba, ki ɗaga hannu. Ki ce, "Malama, a nan na ɓace." Ki nuna mata daidai wurin da yatsa. In 'yan aji sun yi dariya, ki bar su, rabinsu suna can suna gode miki a ɓoye.

Shekarar da aka haife ki na yi noman tattasai a bakin kogi, shi ne noman farko da na yi na kaina. Tsutsa ta shiga, na je kasuwa ranar Juma'a wurin mai maganin feshi. Mutane sun yi masa yawa, ya miƙo min kwalba yana magana da wani, ya ce, "Gwangwanin tumatur biyu a babban tanki." Na ce to. Ina tafe ina tunani, famfon feshin da na aro ƙarami ne, ruwan da yake ɗauka rabin na babban ne. Shin in rage maganin ko in bar shi? Na tsaya a bakin gada kamar in koma, sai na ce mutumin zai ce wannan ɗan ƙauye ne. Na ce ai magani in ya yi yawa tsutsa ce za ta ji a jikinta. Na zuba biyu a rabin ruwa. Kafin a kwana biyu ganyen ya naɗe ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta. Tsutsar ta mutu, tattasan ma ya bi ta. Ragon sunanki sai da kawunki ya taimaka.

Lissafin da ya fi ƙarfina a ranar, yanzu ƙaninki Auwalu zai yi shi: ruwa ya ragu da rabi, magani ma ya ragu da rabi, gwangwani ɗaya ke nan. Kaina ma ya kawo min haka, amma ban amince da kaina ba, kuma na ji kunyar tambaya. Saboda haka, Ummi, in an ba ki awo, ki tambayi awon na mene ne. Biyu a cikin nawa? Lamba ita kaɗai ba ta da amfani sai an san abin da take tsaye a kansa.

Na uku shi ne babba, kuma kin san wani abu daga ciki, don kina da wayo lokacin da na yi kwanaki ba na cin tuwo mamanki tana ta tambaya. Ba ki dai san yadda aka yi ba.

Bayan na bar noma na sami aikin kula da janareta a sashen haɗa sinadarai na jami'a. Akwai wata malama, Dakta Rabi, da ta dawo daga karatu a ƙasar waje da wata na'ura da aka ba ta kyauta. Ta sha wuya kafin ta tayar da ita. Tana da ɗalibi, Malam Iliyasu, mutumin wajen Gombe, siriri mai yawan murmushi, wanda digirinsa na biyu gaba ɗaya a kan na'urar nan ya rataya. Ni dai ban taɓa shiga ɗakin ba. Ta taga nake jin ƙararta, cuk, cuk, cuk, kamar tsuntsu a keji. Abin da na sani shi ne in kunna inji, in duba mai, in zuba dizal.

Wata safiya Dakta ta zo har rumfar inji ta ce, "Malam Sabi'u, daga yanzu har sai na zo da kaina na ce ka kashe, kada wutar ɗakin nan ta ɗauke. Ko an kawo wutar gari kada ka juya. Ka gane?"

Na rusuna na ce, "To, ranki ya daɗe."

Alhali akwai tambaya a bakina. Mu da muka tashi da injin ban ruwa, abu na farko da ake koya mana shi ne inji yana hutawa. In rana ta take, a kashe shi ya sha iska, a yi salla, a ci abinci, sannan a tayar. Baba yakan ce inji ma kamar jaki ne, in ka ƙi hutar da shi zai hutar da kansa. Wannan ya zauna min a jini. Ina so in ce, "Dakta, to yaushe zai huta?" Amma ita Dakta ce, ni mai inji. Na ce kada ta ga kamar ina musu da ita, ko ina ƙyashin aiki.

Inji ya kwana yana aiki. Washegari da azahar zafi ya yi zafi, na taɓa jikinsa na ji kamar tanda. Sai ga wutar gari an kawo. Na ce a raina, ai tausayin kayan gwamnati ma aiki ne, in injin nan ya ƙone ni za a kama. Bari in juya ɗan lokaci kaɗan, in yi salla in dawo in mayar, wa zai sani? Na juya. Na ji na'urar ta yi shiru ta kuma ci gaba da cuk, cuk ɗinta. Na ce ka gani, ba abin da ya faru. Na kashe inji na tafi masallaci da zuciya fara, ina ganin na yi dabara.

Muna raka'a ta biyu fankar masallaci ta tsaya, an ɗauke wutar gari.

Ko da na sallame na zo da gudu na tayar da inji, na tarar da Malam Iliyasu a ƙofar ɗakin, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, shi ma daga masallacin ya rugo. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Malam Sabi'u, ta narke," ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hularsa.

Dakta ta fito daga aji aka gaya mata. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce, "Me na ce maka jiya?"

Na ce, "Kin ce kada in juya."

"Me ya sa ka juya?"

"Don inji ya huta, ranki ya daɗe."

Ta dube ni. Ta ce, "Wannan tunanin yana ranka tun jiya?" Na ce eh. Ta ce, "To me ya hana ka faɗa? Da ka tambaya da na gaya maka wannan ba injin ban ruwa ba ne, an gina shi ya yi kwanaki yana aiki, shi ya sa na sa aka canza masa mai kafin mu fara. Magana ɗaya ce, Malam Sabi'u! Ka ce min to, na tafi da to ɗinka na kwanta a kai."

Na zaci korata za a yi. Maimakon haka ta ce in cire takalmi in biyo ta. Ta ce, "Ni ma da nawa, na ba ka umarni ban ba ka dalili ba. Zo ka ga abin da ka kashe."

Zan gaya miki yadda na fahimta, in kin yi nisa a karatu kya gyara min. Ta ce duk abin da ke duniya, ruwa da iska da jikinmu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Yawancinsu suna zaune lafiya. Amma akwai waɗansu marasa haƙuri, da zarar sun samu, kafin ƙiftawar ido sun cafki na kusa da su sun zama wani abu dabam. Irinsu suna cikin harshen wuta, suna can sama cikin iska, su ne ke tafiyar da abubuwa da yawa, amma ba sa tsayawa a dube su. To yaya za ka san kamannin abin da ba ya tsayawa?

Dabarar ita ce a hana shi samun abokin faɗa. Akwai wata iska ana ce mata agon, irin wadda masu walda suke saye a doguwar tukunya. Ita ba ruwanta da kowa, ba ta kama wuta, ba ta haɗuwa da komai. Sai a ɗebi ɗan kaɗan na sinadarin a gauraya da agon mai yawa, ƙwaya ɗaya a cikin dubu. A cikin na'urar akwai wani ɗan gilashi bai fi murfin kwalbar lemo ba, a cikin tulun ƙarfe da aka zuƙe wa iska tas. Wannan cuk, cuk da nake ji, aikin sanyaya gilashin ne. Dakta ta ce sanyinsa ya kusa ƙarshen sanyi, inda babu wani sanyi a gaba, ƙanƙarar firji in aka kwatanta da shi garwashi ce. Sai a riƙa fesa haɗin a kan gilashin a hankali a hankali. Iskar tana taɓa shi sai ta daskare ta zama ƙanƙara, kowace ƙwaya ta maƙale ita kaɗai, agon ya kewaye ta ta ko'ina. Daga nan su haska wata fitila ta fasa ƙwayar, marar haƙurin ya fito, ya duba gabas ya duba yamma, ba wanda zai kama. Dole ya zauna. Sai su ratsa shi da wani haske, kwamfuta ta zana layuka masu tsini, su karanta su san yadda aka gina shi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kamar ragunan layya ke nan a kara, kasuwar dabbobi, in masu karo ne sai a ɗaure kowanne a turkensa nesa da juna." Ta ce, "Kusan haka. Sai dai namu turken na ƙanƙara ne, wutarka ce take riƙe da shi." Da wuta ta ɗauke, gilashin ya fara ɗumi, ƙanƙarar ta yi laushi, ragunan suka tsinke suka haɗu, sannan iskar ta tashi ta tafi da komai. Sun gama fesawa, sun haska fitilar, da la'asar za su fara karantawa. Kuma ɗan sinadarin da suka fesa, Malam Iliyasu ya kusa shekara yana haɗa shi, na ƙarshen ke nan a kwalba.

Shekara guda ta ƙaru a karatun bawan Allah nan. Abokansa suka gama suka tafi, shi yana nan yana sake dafa abu daga farko. An sa ranar aurensa, aka ɗaga. Ba mugunta na yi ba, ba lalaci ba, ni a ganina ma kirki na yi. Ladabi ne ya ja, irin wanda Goggonki take yabo. Shi ya sa jiya raina ya ɓaci a zaure.

Abin da ya fi ba ni kunya, shi Malam Iliyasun ne ya zo yana zama da ni a rumfar inji in yana jiran na'ura ta yi sanyi. Wata rana muna shan rake na ce, "Malam, in tambaye ka wani abu, kada ka yi dariya. Rabi da sulusi, daga ina shida take fitowa?" Ya ɗauki sandar rake ya ƙirga mata gaɓa shida ya sare. Ya ce, "Raba ta biyu, gaɓa nawa?" Na ce uku. "Raba ta uku fa?" Na ce biyu. "Haɗa." Na ce biyar. Ya ce, "Biyar cikin shida. An nemo shida ne don ita ce biyu za ta raba, uku ma ta raba, ba a karya gaɓa ba." Ummi, na riƙe raken nan ina sake ƙirga gaɓoɓin. Abin da ya fitar da ni daga makaranta ke nan! Abin da ba a gama shan gaɓa ɗaya ba an gama bayaninsa! Na tashi na zaga bayan inji don kada ya ga idona. Ba murna ce ta kama ni ba, haushi ne.

Ya kuma nuna min cewa ɗaya cikin dubun nan nasu, lissafin famfon feshi ne. In sinadari ya ninka, agon ma ya ninka. In aka cika sinadari, ƙwayoyin za su daskare kafaɗa da kafaɗa su kama juna, aiki ya ƙone kamar tattasaina. Lissafin da ake yi a bakin kogi shi ake yi a ɗakin Dakta, ba wani aljani a ciki.

Tun daga lokacin nake lura da wani abu. A duk ginin nan ba wanda ya kai Dakta Rabi cewa "ban gane ba." Baƙo ya zo daga wata jami'a yana bayani, za ta tsayar da shi ta ce, "Dakata, koma baya, ban gane ba." Makanike ya zo gyaran inji, za ta tsuguna ta ce, "Wannan me yake yi? In ya toshe fa?" Ɗaliban da ke gyaɗa kai suna "yes ma, yes ma," su ne nake gani a gaban allon sakamako suna share hawaye. Kuma ba wanda ya taɓa cewa Dakta ba ta da kunya. Tana gaida na gaba da ita har ƙasa, ni ma da nake mai inji Malam take ce min.

Yanzu in zo kanki, don ke ma ina da fushi da ke.

Kin tuna ranar da kike wanke kayan makaranta na tsaya a bakin rijiya na ce, "Ummi, tankin injinmu yana cin lita sittin. In na cika shi, awa nawa zai kai?" Da gangan na yi. Na ga kin ɗago, na ga bakinki ya buɗe, na ce alhamdu lillahi ga ta nan za ta tambaya. Sai kika dubi Goggonki da ke tsince shinkafa, kika rufe baki, kika ce, "To, Baba." Kika shiga ɗaki da biro kika daɗe. Kika fito kika miƙo min takarda kin rubuta talatin. Na ce yaya aka yi? Kika ce malamin lesin ya ce in ba a san yadda za a yi ba a raba da biyu, kada dai a bar takarda fara.

Shi wannan malamin lesin, Allah Ya shirye shi, na riga na je na same shi, kuma ƙannenki ba za su koma wurinsa ba. Mutum ya koya wa yara su rufe rashin sani da lamba, kamar mai lulluɓe rami da tabarma! Amma ke fa? Kin san tambayar ba ta cika ba. Na gani a fuskarki. Ba wanda zai iya wannan lissafi, ko Dakta, sai an gaya masa lita nawa injin yake sha a awa ɗaya. Kanki ya gaya miki gaskiya, kika danne ta don kada a ce kin tambayi babanki. Da a wurin aiki ne, da na dogara da talatin ɗinki na tafi, inji ya mutu a tsakiyar aikin wani.

Ban ce ki zama fitsararriya ba. Ki gaida malamanki, ki rusuna, ki yi wa manyan ɗalibai biyayya a abin da ba saɓo ba, ki riƙe sallarki a kan lokaci. In an aike ki ki ce to ki tafi. In an ce ki share aji ki ce to. Amma in abu ne na fahimta, kada "to" ya fito sai kin gane. In kin ji nauyin aji, ki bi malama bayan an tashi. In ta kore ki, ki koma gobe. In ta sake korar ki, ki nemi wata, ko 'yar aji ta gaba, ko mai gadi ma in ya sani. In kuma wani ya ɗaga miki bulala don kin yi tambaya, ki sa a kira ni a wayar mamanki. Ni da ba na faɗa, ranar za a ji muryata.

Mamanki da na ba ta labarin ƙanƙarar nan cewa ta yi in gaya miki ki zauna cikin ƙawaye masu sanyin hali irin agon, waɗanda ba za su ja ki zuwa wani abu ba. Na yarda, ki yi hakan. Amma ni abin da na gani dabam ne. Abin nan da suke kamawa, muddin yana cikin ƙanƙara lafiyarsa ƙalau, ba ya ɓata wa kowa, kowa ya zo ya leƙa ya yaba. Sai dai ba ya aikin komai. Su don su dube shi suka daskarar da shi, wannan aikinsu ne. Ni ban sayar da ɗan bijimina na kai ki makaranta don a daskarar min da ke a riƙa nunawa ana cewa ga mai kunya ba.

Amsar tambayar nan tana wurina. Na san abin da injin yake sha, kullum ni nake zuba masa. Ba zan rubuta miki a nan ba. Ranar ziyara ta farko zan zo in Allah Ya kai mu, kuma da Goggonki zan zo, na riga na ce mata ta shirya. In mun zauna kin gaishe mu, ina so ki ɗago kai, a gabanta, ki tambaye ni da bakinki. Ni ma zan ajiye kunyar 'yar fari in dube ki in ba ki amsa, ki yi lissafin a wurin. Abin da Yaya Laraba za ta ce, ni zan ɗauka, ba ke ba.

Allah Ya kiyaye ki dare da rana, a aji da ɗakin kwana. Ya tsare ki daga zazzaɓi da sharrin mutum, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa albarka a abin da za ki koya, Ya dawo min da ke lafiya kin fi ubanki sani nesa ba kusa ba. Ki riƙa shafa maganin sauro, ki daina barin gashinki a jiƙe. Ki yi mana addu'a kamar yadda muke yi miki.

In akwai inda ba ki gane ba a takardar nan, ki ja masa layi ki ajiye min. Kada ki ninke ta ki ce to.

Wassalam.

Naki,
Babanki Sabi'u.